Farin Yadin da Na Yanka a Gidan Gwaggo

Wata ranar Talata ce cikin bazarar 1975, da hantsi, aka ɗora ni a bayan motar 'yan sanda a ƙofar gidan Alhaji Ummaru da ke Ƙofar Atiku. Shekarata goma sha uku. Ƙarfen motar ya ɗauki zafi har yana ƙona ni ta cikin zane, amma ban gyara zama ba. Hannuwana fari fat da garin gero, domin ina tsakar tankaɗe aka kira ni zaure, kuma babu wanda ya ce in je in wanke. Yaran unguwa sun taru, wasu sun ɗare katanga, ɗan garuwa ya sauke garewaninsa ya tsaya kallo. Na ji wata mata tana gaya wa 'yar'uwarta, "Ita ta, ɗiyar riƙon Hajiya Nana, ita tas sace yadin soja." Ban yi kuka ba, ban ji tsoro ba, ban ma ji kunya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na bar ƙwaryar garin a buɗe, kuma na san kajin gidan ba su da kawaici.

Ni ba 'yar birni ba ce. An haife ni a wani ƙauye na bakin fadama, inda ake noman shinkafa a kwari, gero da dawa a tudu. Aikinmu mu yara shi ne korar tsuntsaye idan shinkafa ta fara nuna, mu rataya gwangwanaye a igiya mu yi ta ja muna ihu har murya ta dushe. Da yamma mu yi carafke a gindin rumbu, mu gasa farar da muka kamo. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Randag ga babu kowa gare ta?" Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka kowace uwa take yi da ɗan farinta a garinmu, kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Sai aka yi shekarun nan na fari a jere, fadama ta tsage, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, har na ga manyan mata suna tona gidan tururuwa don tsabar da ta tara. A cikin wannan hali Gwaggo Nana, yayar babana da ke aure a Sakkwato, ta zo ta ce a ba ta ni riƙo. Ranar da za mu tafi Inna ta juya mini baya tana gyara murhu, ta ce, "A hwaɗa ma yarinyag ga ta yi haƙuri gidan mutane, ta kama bakinta." Iyakar guzurin da na samu daga gare ta ke nan, kuma na riƙe shi da kyau fiye da yadda ya kamata.

A gidan Gwaggo na fara sanin ana iya cin abinci sau uku a yini har a bar saura. Kuɗin man fetur sun shigo gari, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa na son sabuwar riga, shi kuwa mijinta Alhaji Ummaru yadi yake sayarwa a kasuwa. Gidan akwai fanka, akwai firji mai ƙanƙara, akwai rediyon da ba a kashe shi sai an kwanta. Aikina share tsakar gida da ɗakin ajiya, tarar ruwa idan famfo ya kawo, daka, wanke-wanke, ba awaki dusa, da kai wa Alhaji abincin rana a rumfarsa. Gwaggo ba muguwa ba ce, kada wani ya karanta wannan ya zage ta. Ta yi mini kitso da hannunta, ta ɗinka mini atamfa biyu, takan tsokane ni da cewa ina cin tuwo kamar mai bin sa bashi. 'Ya'yanta duka maza ne, suna makarantar kwana, ba ta taɓa renon 'ya mace ta girma a gabanta ba. Kafin ni ta riƙi wata yarinya Lami, wadda ta kamu da tari aka mayar da ita ƙauyensu. Gwaggo takan ba da labarin ba tare da wata damuwa ba, ta rufe da cewa, "Ɗan mutane in ya kwanta ciwo, a kai ma uwayenai abinsu." Na ji wannan magana sau da yawa ina tsintar shinkafa, na kuma fahimci abin da take nufi gare ni. Duk abin da zai faru, kada in yi ciwo, domin ciwo shi ne hanyar komawa inda ake tona gidan tururuwa.

Ban cika shekara a gidan ba, wata safiya na tashi da ciwon mara, na shiga makewayi na ga jini. Ban yi ihu ba, na tsuguna ina kallo, domin a ganina na san ko mene ne. A ƙauyenmu yara maza da ke wuni cikin ruwan fadama suna fitsarin jini, ana kiransa tsargiya. Ƙanena Sani ya yi, manya suna dariya suna cewa ya kusa zama namiji, shi kuwa yana ta ramewa. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa tsargiyar ce na taho da ita, ta ɓuya a jikina sai yanzu ta fito. Babu wanda ya taɓa gaya mini akwai wani jini da ke zuwa wa mata. Karatuna na allo bai wuce gajerun surori ba aka yi fari malamin ya tafi cirani. Ƙawaye kuwa ba ni da su a birni, tsakanina da 'yan matan unguwa sai gaisuwa a bakin famfo. Bayan 'yan kwanaki abin ya ɗauke, na ce Allah ya yaye. Da wata ya zagayo ya dawo, sai na ce to, irin mai tafiya yana dawowa ne.

Matsalata ita ce abin tarewa. Zannuwana biyu ne, Gwaggo ta san su kamar tafin hannunta. A lokacin Alhaji ya sami kwangilar kai farin yadi barikin soja, wanda za a yi zannuwan gado da shi, an jibge bandir-bandir a ɗakin ajiyar da nake sharewa kullum. Yadi ne mai laushi, na auduga. Na ɗauki almakashin Gwaggo, na warware bandir guda har can ciki inda ido ba ya kaiwa, na yanki kamar kamu biyu, na mayar na naɗe yadda na ga ana yi a rumfa. Ban san ana wanke irin wannan ƙyalle a shanya a sake amfani da shi ba, ko da na sani ma ina zan shanya a gidan da igiyar shanya ɗaya ce, a tsakar gida? Saboda haka duk wanda ya ɓaci sai in tona rami bayan turken awaki in binne, in tattake, in watsa taki a kai. Kowane wata sai na koma na yanki sabo, daga wannan bandir zuwa wancan don kada guda ya rage da yawa. Ina sallata yadda na saba, na yi azumina cif, ina cin tuwona ina ƙoshi. Ban ɗauki abin da nake yi sata ba, ban ɗauke shi komai ba, wani aiki ne ya ƙaru a kan ayyukana, kamar ba awaki dusa.

Ranar da Alhaji ya kai kashin ƙarshe na kayan bariki, mai karɓa ya sa aka warware a gabansa, sai ga yadi da giɓi kamar ɓera ya ci. A zamanin soja ba a yi wa soja bayani. Sun tsare Alhaji yini guda a rana, dattijo mai furfura, suka sa shi ya cire hula ya tsuguna a gaban yara ƙanana masu kaki. Washegari ya dawo da wani saje da ɗan sanda, aka ce sai an fito da ɓarawo ko shi ya koma. Ɗakin ajiya kuwa ni da Gwaggo kaɗai ke shiga. Aka ɗaga tabarmata aka ga almakashi, aka zazzage matashina sai ga sabon yanki da na tanada. A zaure, maza cike, Alhaji ya tambaye ni, "Kulu, ina sauran? Wa kinka kai mawa?" Na dubi ƙafafunsa. Sajen ya daka mini tsawa, na dubi takalminsa shi ma. Da na buɗe baki da sai in ce yana bayan turken awaki, su tona, su ga jini, a ce yarinya ba ta da lafiya, a kai wa iyayenta abinsu. Sai na kama bakina kamar yadda aka ce in yi. Su da kansu suka ƙarasa labarin, suka ce ina sayarwa ne a hanyar kai abinci kasuwa.

A gaban alƙali ma haka aka yi, maza ne a zaune, maza a tsaye, ni kuma ina kallon tabarma. Da ya gaji ya ce a kai ni gidan gwamnati na ajiye yara masu laifi har a gama bincike. Gidan yana can bayan ofisoshin Sama Road, da doguwar katanga da kwalabe fasassu a samanta. Yawanci maza ne, suna koyon sassaƙa da gyaran keke a gaba. Mu mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba, an ware mana ɗaki biyu da ɗan fili a baya, da bishiyar dogonyaro guda. Akwai wadda ta fasa wa wata kai a wurin talla, akwai wadda aka tsinta a tashar mota, akwai Jummai, babbar cikinmu, wadda ta gudo daga gidan riƙo sau uku, mai bakin tsiya da dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Muna tashi mu share, mu daka, mu wanke tukwanen maza, mu zauna. Kwanakin nan ba zan iya bambanta ɗaya da ɗaya ba. Na lura dai ana ba da abinci sau uku, na ce a raina to nan ma ba laifi.

Mai kula da mu wata dattijuwa ce, Malama Rakiya, tsohuwar ungozoma da ta bar aikin asibiti saboda ciwon gwiwa. Tana taunar goro, tana tafiya tana dafa bango. Ita ta koya mana ɗinkin hannu, da haɗa sabulu, da yadda ake gaida ma'aikaci a ofis ba tare da an durƙusa har ƙasa ba. Ran Alhamis kuwa takan sa a rufe ƙofar da ke tsakaninmu da maza, ta shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, ta ce yau karatun jiki za a yi. Ba aikinta ba ne, babu wanda ya sa ta, ita ce ta ga yaran da ake kawo mata duk an tsallake su a wannan karatu. Takan fara da cewa, "Ba a wanka a ɓoye cibi. Ku 'yan riƙo da 'yan tasha, uwa ta bar ma gwaggo, gwaggo ta bar ma miji, to ni ban bar ma kowa." Ta yi mana bayanin yadda ake samun ciki, da ciwon sanyi, da cewa duk namijin da ya ce mu shigo shago ko zaure mu karɓi wani abu, ko kawu ne ko malami, mu tsaya a waje inda mutane ke gani, in ya matsa mu ɗaga murya. Ta sa mu muka yi ta maimaita "a'a" da ƙarfi har masu gyaran keke suka yi tsit a bayan katanga.

A Alhamis ta biyu ta zo da wani tsohon zane da ta yayyaga, ta ɗaga yanki guda ta ce wannan shi ake kira ƙunzugu. Ta nuna yadda ake ninkewa, da yadda ake ɗaurawa, ta ce a wanke da sabulu a shanya a rana sosai, kada a tura ƙarƙashin katifa da danshi. Ta ce jinin haila kowane wata yake zuwa wa kowace mace mai lafiya, ita ma ta yi har ta gama, matar gwamna ma tana yi. Ta ce ana ajiye salla da azumi har ya ɗauke, a yi wankan tsarki, ta faɗi yadda ake yin sa. Ina zaune da allura a hannu. Na ji bakina ya tambaya, ba da shawarata ba, "Malama, ba tsargiya ba ce?" Jummai ta faɗi a tabarma tana dariya tana buga ƙafa, sauran suka taya ta. Malama ba ta yi dariya ba, ta daina tauna goron ta dube ni. Mutane suna cewa idan aka sauke wa mutum kaya yakan ji sanyi a ransa. Ni ban ji ba. Na ji dai kamar an ce mini hanyar da na wuni ina bi da tulu a ka, rijiyar tana bayan ɗakinmu. Na ci gaba da ɗinkina, layin ya karkace, na warware na sake.

Da aka watse ta kira ni ɗakinta, ta ba ni ruwa, ta ce, "Yadin soja, nan yat tahi?" Na ɗaga kai. Na gaya mata ramin bayan turken awaki, da Lami mai tari, da gidan tururuwa. Ta daɗe tana murza gwiwarta. Washegari ta ɗingisa har ofishin matar da ke kula da shari'ar yara, suka yi maganarsu ta mata, ita kuma ta san yadda ta yi da alƙali aka ce a sallame ni a hannun mai riƙona. Sai Malama ta aika a kira Gwaggo. A daren nan na wanke zanena, na roƙi Jummai ta gyara mini kitso, domin a lissafina magana ta ƙare. Ba ni da ciwo, ban sayar da komai ba, gida zan koma in ci gaba da tankaɗe.

Washegari Gwaggo ta zo da la'asar cikin lulluɓi, ta rame. Muka zauna mu uku a gindin dogonyaro, Malama ta faɗa mata komai ba ta rage ba. Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba, ta ce, "Wallahi na aza innarta ta hwaɗa mata tun gida." Malama ta ce, "Ɗiyar hwari ta, Hajiya. Uwar da ba ta kiran sunanta ita ka hwaɗa mata wanga?" Gwaggo ta share hawayenta. Malama ta ce abin da ya rage mai sauƙi ne, ta je ta gaya wa Alhaji gaskiya, domin ya rantse ɓarauniya ba za ta sake kwana a gidansa ba, in ya ji dalili rantsuwarsa ba ta hau kaina ba. Gwaggo ta dubi ƙasa, ta dubi katanga, ta dubi ko'ina ban da ni. Ta ce, "Malama, da wane baki? Shekara talatin muna tare, ko nawa ban taɓa hwaɗa mashi ba, sai dai ya ga ban yi salla ba. In tsaya gaban Alhaji in ce mashi yadinai... a'a. Kuma sai ya hwaɗa ma mutanen zaure, unguwa duk ta ji. Wagga kunya ta hi waccan." Malama ta ce ita za ta je ta faɗa. Gwaggo ta kama hannunta ta ce don girman Allah kada ta tona musu asiri. Ina zaune a tsakaninsu da sabon kitsona, ina kallon tururuwa na jan ƙwayar shinkafa. A nan na gane cewa a wurin Gwaggo, da ma unguwar gaba ɗaya, ɓarauniya kalma ce da baki ke iya faɗa, ɗayar kuwa ba ta faɗuwa.

Ba a ko biya da ni Ƙofar Atiku ba. Daga gidan gwamnatin aka wuce da ni tasha, Gwaggo ta kawo ƙullin kayana da buhun gero rabi da ta ɓoye wa Alhaji, ta damƙa ni a hannun wani direban babbar mota ɗan garinmu. Malama ta cusa mini sabulu biyu cikin ƙullin, ta ce, "In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ki hwaɗa ma ƙannenki." Labari ya riga ni isa ƙauye. Babana bai ce mini komai ba, ya daina dai aikena gidan mutane. Inna ta karɓi geron, ta dubi murhu ta ce, "An dawo?" Na ce an dawo. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba, har ta koma ga Allah. Gwaggo ma mun haɗu a bukukuwa da makoki ba adadi, takan ba ni turare ko ɗankwali a ɓoye, ba mu sake taɓa zancen ba. Alhaji Ummaru ya rasu yana ganina ɓarauniya.

Yanzu ina zaune a Mabera, unguwar da a wancan lokaci gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi. Kowane shago a layinmu yana sayar da audugar mata a fili kusa da biskit, jikokina suna dawowa daga makaranta da zanen jikin mutum a littafi, suna tambayata abin da ni a shekarunsu ban san akwai shi ba. Na riƙi 'ya'yan mutane da yawa a gidan nan, kuma duk yarinyar da aka kawo mini, kafin ta san inda tsintsiya take sai na zaunar da ita na gaya mata komai da sunansa, ko an ce an riga an gaya mata. Wasu maƙwabta suna cewa Hajiya Kulu ba ta da kunya, ni kuwa ba na musu. Amma wani lokaci idan ina maganar, ina ganin yarinya tana sunkuyar da kai tana murmushi, sai in ji ina so a ce ni ce a zaune a wurin, Inna ce ke faɗa mini, ko da bango take kallo. Minti biyar ya ishe ta.